Ƙofar Sukmaya Ta Ƙi Rufuwa

"Ƙofata ta ƙi rufuwa, Dambar," in ji tsohuwa Sukmaya, ta damƙe hannun rigarsa a shagon mai shayi. "Tun shekaranjiya. Gidan nan tafiya yake yi."

Masu shan shayi a shagon suka kwashe da dariya. "To Iya, ki ɗaure shi a turke tare da ɓaunarki mana!"

Dambar, mai unguwa kuma maƙwabcinta, ya fizge hannunsa. "Injiniya ta auna gangaren nan. Takarda ta ce lafiya lau."

Shi dai ya san yadda aka yi takardar. Da rani injiniyar ta so haƙa rami bayan gidan Sukmaya, gefen marmaro, inda ƙasa ba ta bushewa. Amma nan ne mazaunin Nag, macijin ruwan da ake zuba wa madara, ƙarfe ba ya taɓa wurin. Dambar ya kai ta busasshiyar gonar masararsa.

"Rami ɗaya, da rani, kuma ba inda nake so ba," in ji injiniyar. "Ƙasar tana iya riƙewa, tana iya zubewa. Ban sani ba, Yaya."

"Hukuma ba ta san 'ban sani ba', ƙanwata. Ja ko kore?"

Gidajen da aka yi wa ja kwashe mutanensu ake yi zuwa kwari, Dambar kuwa ba ya son sarautar kango. Ta sa kore, ta rubuta shakkarta a ƙasa da ƙananan haruffa, ba wanda ya karanta.

"To bar ni in zauna a rumfarka har ruwa ya tsagaita," in ji Sukmaya.

Tsoro ya kama shi. In ya karɓe ta, kowa zai ce takarda ƙarya ce.

"Haba Iya, tsufa ne ke damunki. Zan turo kafinta."

Kafinta ya kankare ƙofar, ta rufu ruf. Kwana huɗu ana tafka ruwa, bango ya ƙara karkacewa ya danne ƙofar, ta ƙi buɗuwa. Da tsakar rana aka ji tsohuwar tana dukan katako daga ciki, tana kiran sunan Dambar. Yana cikin neman gatari gangaren ya zabtaro ya binne gidan.

Sai a kwana na uku suka tono gawarta.

Can sama, gefen marmaro, ɗan dutsen da ake ajiye wa Nag madara yana nan inda yake. Ƙoƙon madarar da Sukmaya ta saba ajiyewa a kansa ya cika da ruwan sama.