Furar Armaya'u a Lahira

A shekarar da mahaya daga Maraɗi suka ƙona gonakin Ruma, Armaya'u mai rumbuna ya kwanta ciwon ajali a Wagini. Gyambon ƙafarsa ya ruɓe har ƙudaje suka san hanyar ɗakin. 'Ya'yansa daga bakin ƙofa suke gaishe shi. Baiwarsa Kande kaɗai ke shiga ta wanke ƙafar, ta cire tsutsa da tsinke.

Ya daɗe yana yi mata alkawarin zai 'yanta ta kafin ya mutu. Abin ba wuya: ya ce "ke ɗiya ce" a gaban shaidu biyu, shi ke nan. In bai faɗa ba, magada su raba ta tare da awaki. Don haka ya aika aka kira mu, ni da Ya'u mahauci da Daudu, abokin wasansa.

Muka zauna muna shaƙar warin ta baki. Kande na durƙushe a gefen gado da ƙwaryar ruwa.

Da ya yi maganar nan take, da an gama. Sai Ya'u ya ce bari ya kwantar masa da hankali.

"Baba Armaya'u, ai kai ka huta. Can lahira tsoka ce zalla, ba ƙashi, ba ungulu."

"Kai ko a Aljanna sai ka tauye wa mutane tsoka," in ji Daudu. "Ni dai a ba ni inuwar tsamiya, in ga surukaina suna yi mini noma."

Ni kuwa na daɗe ina tunanin wata lahira inda za a mayar da kowa ya zauna cikin ƙwaryar da ya ci abinci, ya ga hannun da ke wanke ta. Ban faɗa ba, don sun saba yi mini dariya.

Armaya'u ya buɗe ido. "Akwai fura a can?"

"Har da nonon da bai taɓa tsami ba, tsohon ɓarawon gero," in ji Daudu.

"Wa zai dama mini? Ba na shan damun kowa sai na Kande."

Daudu ya yi dariya. "To kada ka sake ta. Abin da ka mutu yana naka, can ma naka ne. In ka ce ɗiya ce, ta kama gabanta."

Na ce, "Daudu, karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa jin malamin da ya faɗi haka ba. A can ba bawa ba ubangida."

"Ka je ka gani ne, Malam Sammani?" in ji Armaya'u.

Ya lashi leɓe. Ƙuda ya sauka a gefen bakinsa, Kande ta kore shi da hannu.

"Ubangida," ta ce a hankali, "ga shaidun sun zo."

Ya juyo ya dube ta, ya daɗe.

"Ke," ya ce. Muka matso. "Dama mini fura. Kada ta yi ruwa."

Ta tashi ta fita. Muna jin ƙarar ludayi a ƙwarya Armaya'u ya cika.

Da aka raba gado ta faɗa a rabon babban ɗansa, Ɗanjuma, ita da jakar da ba ta da ido ɗaya. Furar kuwa Ya'u ya shanye ta a nan cikin warin, ya ce kada a yi asara.