Jan Takalmi a Ƙofar Aji Uku

Tun da malamar aji biyu ta tafi hutun haihuwa, aji biyu da aji uku suka dawo wuyan mace ɗaya. Makarantar ƙarama ce, ɗakuna shida a jere, ofishin hedimasta a ƙarshe, sai famfo ɗaya a bayan gini wanda sai ya ga dama yake kawo ruwa. Hedimasta ya ce wa malamar aji uku ta yi haƙuri, wata uku ne kawai, kamar yau ne. Ga wanda ke zaune ƙarƙashin fanka, lalle kamar yau ne. Ita kuwa Malama, in ta shiga wannan ɗaki, wancan ya zama kasuwa. In ta koma can, nan a fara dambe. Kafin a tashi muryarta ta dishe, alli ya yi mata fari har gira.

Abin da ya fi cin ranta shi ne kiran suna. Kafin ta gama kiran aji ɗaya, a ce wannan ya tafi fitsari, wancan ya amsa sau biyu, darasin farko ya wuce. Sai ta samo dabara. Shekarar da ta gabata iyayen yara sun haɗa hannu sun shimfiɗa leda a ajujuwa, aka kafa dokar kowa ya tuɓe takalmi ya jera a jikin bango kafin ya shiga. Malama kuma ta san takalman nan kamar yadda ta san tukwanen ɗakin girkinta: mai kunne ɗaya, wanda aka ɗaure da waya, wanda ya yi wa mai shi yawa har ana cusa takarda a ciki. Don haka kowace safiya sai ta tsaya a baranda da rajista biyu, ta bi layin takalma da ido tana sa alama. Minti biyar ta gama. Har taƙama take yi a ɗakin malamai, wai ko a duhu aka miƙo mata takalmi za ta faɗi mai shi.

Ranar wata Alhamis, da aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka yi waje kamar an buɗe wa kaji akurki. Aka yi turereniya a baranda, kowa ya zura nasa ya ruga. Malama na goge allo ta hango an bar takalmi guda a ƙofar aji uku. Ja ne, na roba, an ɗinke maɗaurin hagu da shuɗin zare. Ba sai an gaya mata ba, na yarinyar nan ce da yara ke kira Shiru-shiru, wadda ke zama a benci na ƙarshe jikin taga. Ta ce a ranta ƙila tana bayi. Ta ci gaba da goge allonta.

Ba ta gama ba sai ga wata mata ta shigo da sauri, gyalenta a hannu, garin fulawa a goshinta. Mahaifiyar yarinyar ce, a gidan burodi take aiki, tun asuba take fita. Ko sallama ba ta yi cikakkiya ba ta shiga bayani: injin wurin aikinsu ya lalace aka sallame su da wuri, ta dawo gida ta tarar da ƙofa a buɗe, tsohuwarta ba ta nan. Tsohuwar kwanan nan ta fara mantuwa, sai ta ɗora ruwa a wuta ta manta, sai ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ta duba maƙwabta ba a gan ta ba, shi ne ta zo ta ɗauki 'yarta su nema tare.

"Tana nan," in ji Malama. "Ga takalminta ma. Bari a kira ta."

Aka duba bayi, babu kowa. Aka duba wurin famfo, aka leƙa ɗakin da ake tara karyayyun bencina, Malama har ƙarƙashin tebur ta duba, kamar yarinya 'yar shekara tara za ta shige aljihun tebur. Baba maigadi ya rantse ya ga shigowarta da safe, har ta gaishe shi, bai kuma ga fitarta ba. Uwar ta tsaya a tsakiyar fili tana kiran 'yarta. Sannan ta juyo ta tambayi Malama, a hankali, da ƙarfe nawa ta yi mata ganin ƙarshe.

Nan ne gaban Malama ya faɗi. Ta buɗe baki za ta ce ɗazu, sai ta rasa wane ɗazun. Ta nemi fuskar yarinyar a darasin lissafi, ba ta same ta ba. Ta nema a lokacin tara, babu. Ta koma jiya, ta koma shekaranjiya, duk inda ta laluba a ƙwaƙwalwarta jan takalmi take gani a jikin bango, ba ta ganin yarinya. Tsoro ne ya kama ta, da kunya a kansa, don ta san amsar da ke bakinta ba ta faɗuwa a gaban uwa.

Akwai yarinya ɗaya da ta rage a bakin ƙofa tana jiran babanta, ita ce abokiyar zaman Shiru-shiru a benci. Malama ta jawo ta gefe ta tambaye ta. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru, ta dubi uwar, ta dubi ƙasa, sannan ta ce ai tun Litinin ɗin wancan makon Shiru-shiru ba ta zama a aji. Tana zuwa da safe, ta jera takalminta, ta bi ta bayan famfo inda waya ta yage ta fita. In an kusa tashi ta dawo ta saje cikin mutane ta ɗauki abinta. Ta ce wurin kakarta take zuwa.

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Malama, ai ba ki tambaya ba."

Malama ta ƙirga a ranta, daga wancan Litinin zuwa yau, kwana tara na makaranta. Kwana tara tana sa wa yarinya alamar ta zo da hannunta, da jan bironta, tana kuma jin daɗin ta gama da wuri. Uwar kuwa kallonta kawai ta yi, kuma da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi. Hedimasta ya tafi taro tun hantsi, babu wanda za a jingina wa maganar. Malama ta sunkuya ta ɗauki takalmin, ta ce wa Baba maigadi ya kulle ajujuwan, ta bi bayan matar.

Rana ta take, kwalta har wani ƙyalli take yi. Suka bi layin bayan makaranta suna tambaya. Mai shagon kan kwana bai lura ba. Mai facin taya ya ce yara nawa ne ke wucewa ta nan, shi da ido biyu kawai. Duk wanda ya girgiza kai, sai Malama ta ƙara sauri, domin layin nan babban titi yake ɓullewa, inda manyan motoci ke gudu ba su san da mai tsallakawa ba. Tunani iri-iri ya yi ta zuwar mata. Ta ga kanta gobe a ofis, rajista a buɗe, ana tambayarta wa ya sa wannan alamar. Sai kuma ta ji haushin kanta: 'yar mutane ta ɓata, ita tana tunanin ofis. Ta ƙara damƙe takalmin har maɗaurin ya shata mata a tafin hannu.

Wata tela da ke ɗinki a bakin shagonta ce ta tsayar da keken ta ce ta san su sarai. Kullum da hantsi suke wucewa, tsohuwa a gaba, yarinya riƙe da hannunta ba takalmi, su nufi tsohuwar tashar bas, wajen azahar su dawo. Ta ɗauka asibiti ake kai tsohuwar. Yau dai ta ga tafiyarsu, ba ta ga dawowarsu ba. Uwar ta dafe ƙirji. Ta ce marigayi babanta direban bas ne, shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, kuma a tashar nan tsohuwar ke kai masa abincin rana lokacin yana raye.

Ba su san sadda suka tsallake titin ba. Tashar an daɗe da daina amfani da ita, rumfar kwano ce da benci ɗaya na siminti, ciyawa ta fito ta tsagar ƙasa. A kan bencin tsohuwa na zaune, ta yi tsaf da ita, da kwano a ɗaure cikin ƙyalle a cinyarta. A ƙasa kusa da ita Shiru-shiru ce cikin kayan makaranta, ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin siket, hannunta ɗaya riƙe da bakin zanen kakarta. Uwar ta ruga ta rungume su duka biyu, tana kuka tana faɗa, ba a gane wanne ya fi yawa. Malama kuwa ta jingina da ƙarfen rumfar tana hamdala a ranta.

Tsohuwar ta dube su da mamaki, ta ce mene ne na kuka, motar ce ta yi latti, yanzu zai iso.

Da ƙyar aka samu maganar daga bakin yarinyar, guntu-guntu. Wancan Litinin tana hanyar makaranta ta waiga ta ga Kaka ta fito ita kaɗai ta nufi titi, wata mota har ta yi mata ƙaho. Ta ruga ta ajiye takalminta a makaranta ta dawo ta bi ta. Daga ranar kullum haka. In sun zauna sun zauna, sai ta ce wa Kaka yau bai zo aiki ba, su koma gida. Yau ne kawai Kaka ta kafe ta ce ba inda za ta, ita kuma ba ta iya barinta ba. Ba ta gaya wa Umma ba don ta ji ta tana faɗa wa maƙwabciya cewa in ta sake fashin aiki ko na kwana ɗaya, za a ba wani gurbinta. Takalmin kuma dole ta bar shi, domin duk ajin sun san shi Malama ke dubawa, kuma wanda ya yi fashi uku ana aika wa iyayensa takarda.

Wato yara sun daɗe da gane dabarar da take taƙama da ita. Malama ta durƙusa a gaban yarinyar ta ce ta miƙo ƙafa ta sa mata takalminta. Da ƙafar ta fito daga ƙarƙashin siket, sai Malama ta kasa sa mata shi. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe, ƙasa ta shiga, diddige ya tsage. Kwana tara kan kwalta da tsakar rana. Ta riƙe ƙafar a hannunta, ƙarama, da zafi kamar an sauke ta daga wuta, idonta ya cika.

Yarinyar ta matso ta rage murya don kada uwar ta ji.

"Malama, na gode da ba ki gaya wa Umma ba. Na san tun ranar farko kin gane ba na nan, kika rufa mini asiri."

Ga ƙofar tsira a buɗe wa Malama. Da ta ce babu komai, shi ke nan, yarinya za ta tafi gida da malama mai kirki a zuciyarta, babu kuma wanda zai taɓa ƙaryata ta. Malama ta daɗe tana kallon shuɗin zaren da ke jikin takalmin.

"Ban san ba kya nan ba," ta ce. "Sai yau, da Ummanki ta zo."

Shiru-shiru ta dube ta, kamar tana jiran ta ce wasa take yi.

"Duk kwana taran?"

"Duk kwana taran."

Yarinyar ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, ta dai janye ƙafarta ta mayar ƙarƙashin siket. Wannan janyewar ta fi komai yi wa Malama ciwo a ranar.

Malama ce ta goya yarinyar har gida, uwar na tafe da tsohuwa tana lallaɓa ta cewa gobe za su dawo. Da suka zo shagon telar, matar ta fito ta ji labari, ta ce daga gobe a riƙa kawo mata tsohuwar da safe ta zauna a wurinta, dama tana neman abokiyar hira, ga tsumma a yi ta tsincewa.

Washegari Malama ta fara shiga ofis ta ajiye wa hedimasta maganar yadda take, ba ta rage komai ba. Sannan ta wuce layin takalma ba ta dube shi ba, ta shiga aji uku ta buɗe rajista ta fara kiran suna. Duk wanda ya amsa sai ta ɗaga kai ta ga fuskarsa kafin ta sa alama. Aji biyu ya zama kasuwa a bayan bango, ta ƙyale su. Da ta zo kan sunan yarinyar, ta san tana gida an naɗe mata ƙafa, amma ta kira, ta sake kira, ta dubi benci na ƙarshe jikin taga. Babu kowa a wurin. Ta daɗe tana kallon gurbin, har yara suka fara waige-waige, kafin ta sunkuya ta rubuta ba ta zo ba.