Cin Tuwo da Malam Mordecai

Dinatu ce ke jan rawar zumuntar mata a majami'arsu ta Samaru tun kafin a yi wa ginin silin. Bana gwiwa ta hana ta sakat. Likita ya ce ta rage ƙiba. Shugabar zumunta kuma ta ce in ba za ta iya takawa daga ƙofa zuwa bagadi ranar godiyar kaka ba, Sarah za a ba gaba.

Sai Dinatu ta ɗauki azumin da ba wanda ya sa ta. Takan wuni a shagonta na ɗinki a kasuwar Sabon Gari ba ta sa komai a baki ba, da yamma ta tsaya a kicin ta share malmala uku kafin miya ta huce. Sikeli bai motsa ba.

Diana, 'yar ƙaninta da ke karatun aikin sassan jiki a jami'a, ta zo daga Bomo wata Asabar ta same ta a bakin tukunya tana kai loma bi da bi.

"Gwaggo, wa ya biyo ki?"

"Mu tara muka tashi a kwano ɗaya. In kin tsaya tauna, kwanon kawai za ki tarar."

Diana ta jawo kujera ta yi mata bayani. Tumbi in ya daɗe ba komai, yakan saki wani sinadari cikin jini, girelin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana yunwa. Wuni ba ci ƙara masa ƙarfi yake yi. Hanji kuma yana da nasa sinadaran da ke cewa an ƙoshi, amma sai abinci ya isa can suke fita, kuma ba sa sauri.

"Kafin saƙon ya kai, kin gama ta uku."

"Wato hanjina ne malalaci."

"Na kowa haka yake. Ki riƙa karyawa da safe. Wake ko ƙwai sun fi tuwo sa hanji magana. Sannan ki ci a hankali."

"Ban iya ba."

Diana ta leƙa falo. Malam Mordecai, mijin Dinatu, tsohon hedimasta, yana zaune gaban tuwon da ya daɗe da yin sanyi. Shi kaɗai yake ci a falo, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi.

"Ki koma ci da Baba. Sai ya kai loma, ki kai."

"Wannan? Ai sai in tsufa a kan malmala ɗaya."

Tun aurensu ba su taɓa haɗa kwano ba, amma washegari ta kai nata falo. Malam ya gutsuri tuwo, ya mulmula, ya tsoma a miyar kuka, sai ya tuna labarin wani sufeton makarantu da babur ya kayar cikin gonar rake. Loma ta tsaya a iska. Hannun Dinatu ma ya tsaya.

"Malam, don Allah ka haɗiye."

"Ban ma kai inda ya faɗi ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Da labarin ya ƙare, rabin malmala ta biyu na nan a kwano, kuma ta ji ba ta so. Ta daɗe tana kallon kwanon.

Haka suka ci gaba har damina ta wuce. Nauyin ya sauka kaɗan-kaɗan, ba kamar yadda ta so ba, amma ta rage faɗin rigar zumuntarta da kekenta. Gwiwar ta rage ƙorafi.

Ranar godiyar kaka aka buga tulun kiɗa, mata suka jeru a ƙofa da kwandunan masara da doya a ka. Dinatu ta shiga gaba. Ta taka a natse, kafaɗa na aiki, Sarah na bayanta tana guɗa. A bagadi ta sauke kwando tana haki kaɗan.

Shugabar zumunta ta matso kunnenta. "Mama Dinatu, waƙar ba ta ƙare ba. Za ki iya mayar da mu ƙofa?"

Dinatu ta gyara ɗaurin zani, ta juya.