Keken Ɗinkin Yaya

Tun ranar da likita ya ce ciwon dajin Tela ya kai ƙashi, ƙanwarta ta koma yi mata magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro. Kafin mako ya zagayo ta sa an ɗauke keken ɗinkin daga bakin taga an kai ɗakin ita ƙanwar.

"Yaya, ke dai ki huta. Zan riƙe miki masu kawo ɗinki."

Shekara talatin Tela ta yi a kan keken nan. Yanzu daga gado take jiyo kukansa, ana taka shi ba ko ɗigon mai, ana kuma gaya wa mata wai ita ce ke yanka kayan daga kwance. Ranar da ta ga wata riga mai karkataccen wuya aka ce aikinta ne, ko kallon kwanon abincinta ba ta yi ba.

Ran Talata, a ɗakin da masu irin ciwonta ke haɗuwa a asibiti, mai ba su shawara ta yi tambayar da ta saba: "Me kike so ki yi a makon nan?"

"Ramuwa," in ji Tela.

Aka kwashe da dariya. Mai shawarar ta ja kujera kusa, ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta sami nas, aka gyara lokacin maganin raɗaɗi yadda Tela za ta riƙa samun awa biyu kowace safiya ba zafi.

"Awa biyun nan naki ne, Mama," in ji mai shawarar. "Ki yi abin da ranki ke so da su."

Tela ba ta ɓata minti ɗaya ba. Akwai matar wani direba da ke rako mijinta ɗakin nan na asibiti, tana da hannu mai kyau a ɗinki amma ba ta da keke. Tela ta zaunar da ita, ta koya mata yankan wuyan riga a kan tsohuwar jarida. Ta buga wa masu kawo ɗinkinta waya ɗaya bayan ɗaya: "Karkataccen wuyan nan ba hannuna ba ne. Ga inda za ku je." Sai ta kwatanta musu gidan matar direban.

Ranar da ƙanwar ta tafi kasuwa sayen zare, mota ta zo ta ɗauki keken zuwa gidan matar direban.

Ƙanwar ta dawo ta tarar da sawun ƙafafunsa kawai a kan siminti.

"Yaya! Ina keken?"

"Na bayar."

"To ni fa? Da me zan yi ɗinkin?"

Tela ta gyara filo, ta jawo kwanon abincin da ta kwana uku tana turewa.

"Ke dai ki huta, ƙanwata."