An Share wa Baƙo Fili

A idon mutanen layin, filin da ke bayan gidan su Auta matattarar sauro ce kawai. Ita kuwa Auta, malamar kimiyya, ta san shi ciki da bai tun tana yarinya. Ta san inda duman rafi yake shimfiɗa furensa, da gefen da tafasa ta cinye, da gindin dutsen da albasar kwaɗi take ɓullowa bayan ruwan fari. Can ƙurya, inda ƙasa ba ta bushewa, akwai gatarin kurege mai fure ja da rawaya, yana hawa jikin wani busasshen reshe. Ta zaga garin kaf ba ta ga irinsa a wani wuri ba.

Sai hukumar gari ta ce za ta mai da filin tashar manyan motoci. Auta ta yi ta sintiri ofis-ofis har takalminta ya sha jiki. A ƙarshe ofishin kula da muhalli ya yarda zai turo jami'i guda. Idan ya ga tsirrai masu daraja da idonsa, fili ya tsira. Idan bai gani ba, katafila ta shigo.

Babu wanda ya tsaya mata kamar yayanta, tsohon soja da kowa yake kira Saja. Bai san bambancin tafasa da tsintsiya ba, amma ƙanwarsa ce, kuma ya tsani direbobin tirela.

"Auta, je ki ɗauko baƙonki," in ji shi, ranar da za ta tafi babban birni. "Nan kuma ki bar mini."

"Yaya, babu abin da za a yi fa. Kallo kawai zai yi."

"Na ce ki bar mini. Ni da na tarbi janar-janar?"

Ta yi dariya ta tafi. Daga baya ta sha tuna wannan dariyar.

Washegari da hantsi suka iso, ita da jami'in, wani siririn mutum mai malfa da kyamara a wuya. A hanya ta cika masa kunne da labarin gatarin kurege, har ya fara gyara zama. Suna karyo kwanar layin ta ji ƙaurin hayaƙi.

Filin ya sha aski ƙwal. Ƙasa ja, an share ta har ana ganin sawun tsintsiya. An jera duwatsu an shafa musu farin fenti, reras, kamar haƙoran talla. A tsakiya an kafa rumfa da kujerun roba, ga tebur da ƙyalle, a kansa kuma gwangwani cike da furannin roba da matar Yaya ta ciro daga falo, an goge musu ƙura.

Saja ya taho cikin kakinsa na da, wanda maɓallan ciki suka daina shiri da shi. Ya ƙame.

"Barka da zuwa, Yallaɓai! Ka gafarce mu, jiya-jiya muka samu labari sosai. Da ka ga wurin nan shekaranjiya, da ba ka sauko daga mota ba."

Maƙwabta sun yi layi a bayansa, kowa da bororo a tafin hannu, kowa yana jiran yabo. Mai shagon kwanar layin, wanda ya shekara yana zubar da shara a filin, shi ne a gaba.

"Yaya," in ji Auta. "Ina tsirran?"

"Wane tsirrai? Ciyawar? Ga ta can tana ci." Ya nuna wani tsibi da ke hayaƙi a gefe. "Har saiwa na sa aka tone, kada ta ba mu kunya ta sake fitowa. Akwai wata mai jan fure can ƙurya, taurin kai gare ta kamar ke. Sai da muka sa diga."

"Abin da ya zo gani ke nan!"

"Haba Auta. Babban mutum ya taso tun daga birni, ki nuna masa juji? Karatun nan naku wani lokaci sai a hankali." Ya juya ga maƙwabta, suka yi dariya yadda ake yi wa mai gida.

Jami'in bai zauna ba. Ya taka zuwa tsibin, ya tsuguna, ya sa sanda ya tona gefen da wuta ba ta kai ba. Ya zaro wani dogon reshe, furensa ya yi yaushi amma jan bai gudu ba. Ya daɗe yana juya shi.

"Shi ne, Malama," ya ce. "Ba ki yi ƙarya ba."

"To ka rubuta ka gani."

"Na ga an sare. An turo ni in duba abin da yake tsaye a ƙasa." Ya waiga ya dubi filin daga wannan bango zuwa wancan. "Me yake tsaye?"

Rumfa ce a tsaye, sai Saja.

"Damina mai zuwa wasu za su fito," ta ce. "Iri yana cikin ƙasa."

"Hukuma za ta zauna makon gobe."

Ya ɗauki hoto ɗaya, na fili fetal da fararen duwatsunsa. Matar Yaya ta biyo shi da lemo a faranti, ya ce ya gode, yana sauri. Saja ya raka shi har mota, ya buɗe masa ƙofa, ya sara masa.

Da ya dawo ya tarar da Auta zaune a kujerar roba, reshen a cinyarta. Ya share gumi, ya dubi aikinsa da gamsuwa.

"Bai sha lemo ba, amma na lura ya ɗauki hoto," in ji shi. "Ko ba komai, ya san ba ƙazamai ya zo wa ba."

Ta ci gaba da shafa furen da ya yi yaushi.

Katafila ta zo kafin ƙarshen wata. Direbanta ya leƙo ta taga, ya tambayi wanda ya yi sharar, ya ce a duk wuraren da aka tura shi bai taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba. Saja ya ji daɗin maganar ƙwarai. Har yau yana maimaita ta, da ƙarfi, saboda ƙarar tireloli.