Rami na Biyar

Ermes Bellodi ya goge rami na biyar na ƙarfen zubi mai lamba sha huɗu, ranar wata Talata, lokacin da kowa ya tafi cin abincin rana. Bai rubuta a takarda ba.

Aikin minti ashirin ne. Ƙarfen ramukansa takwas. Inji ke tura narkakkiyar roba a cikinsu, ta sandare, 'yan mahaɗai takwas su zubo, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Su ake liƙa wa bututun da jini ke bi idan ana yi wa mutum wankin ƙoda. Kwana uku na biyar ɗin yana maƙalewa, yana fitowa da farin zane a gefe. Oriano, mai kula da injin, ya ishe shi da mita. Sai Ermes ya sa farar riga da hula, ya shiga da ɗan dutsen washi, ya bi bangon ramin sau kaɗan. Zanen ya ɓace. Ya wanke hannu ya tafi ya ci abincinsa.

Shekara arba'in da ɗaya yana gyaran ƙarfe a wannan kamfani na garin Mirandola, a ƙasar Italiya. Ya fara tun aikin yana garejin mahaifin mai kamfanin na yanzu. A lokacin, in ƙarfe ya yi gardama, dutse ake ɗauka. Yanzu akwai doka. Ƙarfen da aka gwada aka yi masa rajista ba a taɓa shi sai da takarda mai sa hannun mutum uku, bayan nan a sake gwaji na mako biyu. Ermes ya san dokar. Ya ma sa hannu cewa ya karanta ta. Amma shi a wurinsa gogewa ba canji ba ce. Shara ce kawai.

Bayan mako uku, ran Litinin da safe, ya jingine kekensa ya ga an cika kejin bayan sito da kwalaye, kowanne an manna masa jar takardar hana fita. Ya matsa ya karanta lambar. Sha huɗu. Ya duba na ƙasa, ya duba na gefe. Duk sha huɗu.

Bai gama sa rigar aiki ba Ilaria Gavioli ta turo ƙarfen a kan amalanke har gaban teburinsa. Ita ce injiniyar da ke auna kaya ta sa hannu kafin su fita. Shekararta ɗaya a kamfanin. Kwantiraginta zai ƙare ƙarshen wata, kuma kowa ya ɗauka za a mayar da ita ta dindindin.

"Baba Ermes, ka taimake ni," in ji ta. "Jamusawan da ke sayen mahaɗan nan sun auna. Sun ce na rami na biyar ya fi 'yan'uwansa kauri."

"Da nawa?"

"Bai kai rabin silin gashi ba."

"Yana yoyo?"

"Ba ya yoyo. Na gwada hamsin jiya."

"To me suke so?"

"Dalili. Abin da muka yi wa rajista daban, abin da muka aika musu daban. Yau bai yi yoyo ba, sun yarda. Suka ce in abu zai canza a gidanmu ba mu sani ba, gobe fa?" Ta cire tabarau ta murza ido. "Na duba zafin inji. Na duba buhunan roba. Na karanta littafin ƙarfen nan daga farko har ƙarshe, tun bara ba wanda ya taɓa shi. Saura abu ɗaya, ko ƙarfen ne ya ci saboda daɗewa. Wannan kai ne za ka faɗa. Ran Alhamis za a ba su amsa."

"Zan duba."

"Na gode, Baba. Yau kai kaɗai ne ba ka kalle ni kamar na kashe mutum ba."

Da ta tafi ya buɗe ƙarfen ya haska fitila. Ba sai ya duba ba, amma ya duba. Ƙarfen da ya ci dushewa yake yi, kuma daga bakin da roba ke shiga yake farawa. Wannan sumul yake daga sama har ƙasa, yana ƙyalli kamar cikin sabon cokali. Aiki ne mai kyau. Duk wanda ya san ƙarfe, kallo ɗaya zai yi ya san hannun mutum ne.

Da rana ya tsallaka titi zuwa gidan abincin da suka saba. Oriano ya riga shi.

"Ga likitan ƙarfe," in ji Oriano, bakinsa cike da taliya. "Zauna, likita. An ce majinyacinka ya yi ƙiba."

"Ci abincinka."

"Ina ci. Ran Talatar nan ma ci nake yi. Ban ga komai ba. Na dawo na tarar inji ya warke, na ce wani waliyyi ne ya biyo ta nan."

"Kai ka dame ni da mita."

"Mita na yi, ban miƙa maka dutse ba." Oriano ya waiga, ya rage murya. "Ji nan, tsoho. Ka ce ƙarfe ne ya ci. Ƙarfe yana ci. Haƙori ma yana ci, dubi nawa. Yarinyar nan tana da digiri, gobe za ta samu aiki a Bologna. Kai fa? Wa zai ɗauki ɗan shekara sittin da uku?"

"Wa ya ce za a kore ta?"

"Ba wanda zai kore ta. Wata ne zai ƙare a yi shiru. In ƙarfe ne ya ci, ai a hankali ya ci. Aikin wa ne ya gani tun da wuri? Jamusawa ba sa karɓar amsa in babu mai laifi a ciki."

Ermes ya ture farantin. Oriano ya jawo shi gabansa ya cinye.

Da yamma matarsa Nives ta zuba masa romo, ta zauna tana kallonsa yana juya cokali. Ita ma shekara talatin ta yi tana liƙa bututu a ɗakin tsabta na kamfanin, inda ba a barin ƙura ta shiga, kafin ta ajiye aiki.

"Gishiri ne ya yi yawa, ko bakinka ne ya tsufa?"

Ya gaya mata. Bai ƙara ba, bai rage ba.

"Jaki," in ji ta. "Sau nawa aka tara ku aka karanta muku dokar?"

"Kayan sun fi na da kyau."

"Wa ya tambaye ka kyau?" Ta tsinka burodi. "Marisa, uwar yarinyar, kusa da ni ta zauna shekara sha tara. Shekarar girgizar ƙasa a tanti ɗaya muka yi aiki. Yatsunta yanzu ba sa miƙewa. Da su ta kai 'yarta jami'a."

"Ban tambaye ki ba."

"Ba ka tambaya ba. Za ka dai haɗu da ita a kasuwa ran Asabar."

Ya ajiye cokalin. Can ya ce, "In na faɗa, za su raba ni da teburina. Me zan yi a gida?"

"Za ka ishe ni. Na saba."

Ran Talata ya auna ramin sau sha ɗaya. Lambar ba ta canza ba. Ya yi tunanin ɗiga masa walda ya mayar da shi yadda yake, ya ga ba ta fisshe shi ba, domin kwalayen suna keji kuma walda ma taɓawa ce. Sai wani tunanin ya zo, wanda ya fi wannan muni. Sha huɗu ba shi kaɗai ba ne. Akwai na tara, da ya ɗan rage wa baki bara. Akwai na ashirin da biyu. Akwai wasu da bai ma tuna ranarsu ba. Ya tsaya a gaban kantar da aka jera su, yana bin su da ido.

Duk lokacin da aka turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya duba. Sau biyu Ilaria ta wuce ta leƙo. Ba ta shigo ba, don kada ta matsa masa. Wannan ya fi damunsa. Da ta zo ta yi masa tsawa, da ya san abin da zai ce.

Ran Laraba ya hango ta a cikin motarta lokacin cin abinci, kwano a cinya, ba ta buɗe ba. Ya bi ta bayan sito don kada su haɗa ido. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa sake hanya saboda wani ba.

Ran Alhamis ƙarfe takwas ya hau bene. Ofishin Fausto Luppi, mai kamfanin, yana da babbar taga da ke kallon injuna. Ermes ya san shi tun yana zuwa garejin da gajeren wando.

"Baba Ermes. Zauna. A kawo kofi?"

Bai zauna ba. "Ni na goge shi."

"Na sani."

Ermes ya dube shi.

"Tun ran Litinin na leƙa ramin," in ji Fausto. "A gefen teburinka na girma. Ina gane hannunka." Ya tashi ya rufe ƙofa. "To, ba ka faɗa ba, ni ma ban ji ba. Ga wannan."

Ya turo masa takarda da biro.

"Tabarauna yana ƙasa. Karanta."

Fausto ya karanta. "Na duba rami na biyar na ƙarfe mai lamba sha huɗu, na ga alamar ci saboda daɗewar aiki. Shi ke nan. Sunanka a ƙasa. Mu yi sabon rami, a gwada shi bisa doka, a wuce wurin."

"Ita fa?"

"Zan rubuta mata takardar yabo, mai kyau. Zan ma yi mata magana a wani wuri."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ta karanta littafi, littafi ya ce ba a taɓa ba. Na sani." Fausto ya shafa fuska. Shi ma da alama bai huta ba. "Ka saurare ni. In na rubuta cewa an taɓa ƙarfe ba takarda, ita ta fita daga zargi, gaskiya ne. Amma mako mai zuwa Jamusawan za su turo masu bincike biyu da jaka. Za su buɗe duk ƙarfen da ka taɓa sa wa hannu. Nawa ne?"

Ermes ya buɗe baki.

"Kada ka gaya mini. Ba na so in sani. Kuma abu na farko da za su nema shi ne kada hannunka ya sake hawa ƙarfe mai rajista. To wa zai gyara mini? Injiniyoyi uku ne suka aiko takardar neman aiki a watan nan. Mai hannu irin naka ba ni da ko ɗaya. Na nema har Modena."

"Ka koya wa wani."

"Shekara goma nake roƙonka ka koya wa wani, kana cewa duk ragwaye ne." Fausto ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take. "Mutum sittin ke cin abinci a nan, Baba. Oriano yana da 'ya'ya uku. Ba wanda aka cuta. Kayan ba sa yoyo, ita da kanta ta gwada. Layi biyu ne kawai."

Ermes ya ɗauki biron. Ya riƙe shi a kan takardar. Duk abin da Fausto ya faɗa gaskiya ne, ya auna shi bai samu inda ya karkace ba. In ya sa hannu, da ƙarfe tara zai sauka ya ci gaba da aiki, gobe ma haka, har ranar da shi da kansa ya ga dama ya ajiye. In bai sa ba, wataƙila mutanen nan su zo su kwashe aikin gaba ɗaya, kuma duk garin zai san a hannun wa aka rasa shi.

Ya dubi taga. A ƙasa injuna suna buɗewa suna rufewa. Ilaria tana tsaye a bakin ɗakin gyara, riƙe da littafin ƙarfen a ƙirji, tana duba agogo. Shi take jira ya zo ya gaya mata abin da ya gani.

"Da ƙarfe goma zan aika musu amsa," in ji Fausto a hankali. "Ka yi mini wannan. Don mahaifina."

"Mahaifinka bai taɓa sa ni na ce ƙarfe ya ci alhali bai ci ba."

"A zamaninsa ba Jamusawa da jaka."

"Ka kira yarinyar. A gabanta zan faɗa. Na tara da na ashirin da biyu ma, ta rubuta."

"Baba Ermes, don Allah. Ka zauna tukuna, ka yi tunani."

Ermes ya ajiye biron a kan takardar, ya tura masa ita.

"A'a. Ba zan sa hannu ba."