Gumakan da Ruwa Ya Kawo

A shekarar da motar rake ta take ɗana Bun-hiong, ni ke kwashe shara a bakin madatsar ruwan ƙauyenmu, kudu da garin Chiayi. Ban yi kuka ba. Kwana uku da binne shi na ɗauki manjagarata na koma aiki.

Shekarar ce kuma cacar lambobi ta haukata mutane. Mutum zai kai wa gunkinsa kaza da turare, ya roƙe shi lamba. Idan aka cinye shi, sai ya sare wa gunkin hannu ko kai, ya wurga shi cikin ruwa. Duk gumakan wurina suke tsayawa.

Na farko da na tsamo gunkin da ake kira Kakan Ƙasa ne, gemunsa cike da laka, ba hannun dama. Na wanke shi, na rasa inda zan kai shi, sai na ɗora shi kan gadon Bun-hiong, tunda ba mai kwana a kai. Kafin girbin shinkafa sun cika ɗakin.

Wata rana mai unguwa Thiam-teng ya leƙo yana taunar goronsa.

"Yaya Giok-lan, asibiti kika buɗe? Wannan ma ba shi da kai!"

"Ai ka fi ni sanin inda kan yake," na ce. "A falonka na saba ganinsa."

Ya tofar da jan yawu, ya fita. Washegari ya dawo da kan a cikin leda, da kwanon rufi shida. Maza suka kafa rumfa gindin bishiyar da ke bakin madatsar, muka kwashe gumakan da baro. Mata suka fara kawo lemo da tsinken turare. Wasu suna zuwa su tsaya gaban gunkin da suka jefar. Ni dai shara nake yi.

Bayan shekara goma sha biyu aka rushe rumfar, aka gina haikali mai dodanni a kan rufi. Aka sassaƙa tarihinsa a dutse, wai Kakan Ƙasa ne ya zo mini a mafarki yana kuka.

"Ban yi wani mafarki ba," na ce wa Thiam-teng. "Toshe mini ruwa gumakan suke yi."

"Haba Yaya, wa zai rubuta wannan a dutse?"

Ranar buɗewa suka zaunar da ni a gaba, suka rataya mini jan ƙyalle. Aka yi ta ganguna da fasa knockout har hayaƙi ya rufe titi. Aka miƙo mini taliya, na cinye. Da rana ta yi zafi na tambayi ko zan iya tafiya gida, suka ce eh.